Ina son gidan gilashi a Guzape don in riƙa kallon gari, amma Hajiya tace ita bazata zauna a tsirara ba

Tambayar da wani Alhaji ya turo min kenan, na ɗan taƙaita ta: ya sayi fuloti a Guzape a kan gangaren dutse, in ka tsaya a kai ka fuskanci yamma kana hango Abuja shimfiɗe a ƙasanka, da daddare kuma fitilu kamar an watsa taurari. Yana son bene irin na zamanin nan mai bangon gilashi tun daga ƙasa har sama, da wurin ninƙaya, amma uwargida tace maƙwabcin da ke samansu ta gabas zai riƙa ganin tsakar gidanta, shi kuma wani abokinsa ya tsorata shi da maganar zafi. Yace wanne zai haƙura da shi a cikin ukun, kallon gari ko sirrin gida ko sanyin ɗaki.

Alhaji ranka ya daɗe, babu wanda zaka haƙura da shi, amma fa sai in ka yarda a fara zanen daga kan filin, ba daga hoton da ka gani a Instagram ba. Shekaru na ɗauka ina zana gidaje tsakanin Abuja da Kaduna da Kano kuma kusan duk gidan da aka kira ni gyara daga baya matsalarsa ɗaya ce, an ɗauko zane an ɗora a kan fili ba tare da kowa ya tsaya ya tambayi ina rana take faɗuwa ba, waye ke sama, waye ke ƙasa. Tun ran gini tun ran zane, Hausawa suka ce, kuma a wannan sana'ar tamu maganar a zahirinta take.

Bari in fara da yamma ɗinnan tunda nan ne zuciyarka take. Yamma ita ce kusurwa mafi wahala a ƙasarmu. Ranar tsaka tana sama ne, rufi da ƴar baranda sun isa su tare ta, amma daga ƙarfe uku zuwa shida rana ta sauko tana shigowa a kwance, kai tsaye cikin ido, kuma a daidai lokacin da iska ta gama ɗaukar zafin yini. Gilashi na gama-gari mai falle ɗaya yana barin kusan kashi 80 cikin 100 na zafin rana ya wuce, to a irin wannan lokacin kowace murabba'in mita ɗaya tana iya zuba maka wajen wat 500 na zafi a ɗaki. Ka lissafa bango mai faɗin mita 8 da tsayin mita 3, murabba'i 24 kenan, zafin ya kai kilowat 12. Esi mai hos ɗaya abinda yake iya cirewa bai wuce kilowat 2.6 ba. Kaga kenan esi huɗu zuwa biyar aikinsu kawai faɗa da wannan bangon, ba'a zo maganar rufi da mutane da talabijin ba. Kuma tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar ƴan Band A, wato waɗanda aka ware wa wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit, ga dizal ga batiran sola, wannan ba lissafin da mutum zai kawar da kai bane ko da Allah ya hore masa.

Akwai wani gida da aka kira ni a cikin watan Maris, bazan manta ba, ƙarfe huɗu da ƴan mintuna na shiga falon sama. Falo ne da aka kashe masa dukiya, marmara a ƙasa, kujerun fata, amma labule mai kauri ninki biyu a rufe ruf, an kunna fitilu da rana tsaka. Na zura hannu bayan labulen na taɓa gilashin, wallahi sai da na janye da sauri kamar na taɓa murfin tukunya. Hannun kujerar da ke kusa da wurin fatar ta dare ta koɗe. Matar gidan tace min tunda suka tare sau nawa ne ma aka buɗe labulen nan, sai in an yi baƙi da daddare. Abin ya tsaya min a rai sosai, saboda mutumin nan kallon ya saya da kuɗinsa, ƙarshe kuma labule yake kallo.

To ya za'ai? Abu na farko kar gilashin ya zama shine fatar gidan ta yamma. A tura shi ciki, a sa baranda mai zurfi a gabansa, mita uku da rabi zuwa huɗu, wadda ita kanta ɗaki ce da za'a shimfiɗa darduma a sha shayi bayan magariba. A bakin barandar kuma a sa faifayen tare rana na tsaye, na alminiyam ko katako mai jure ruwa, waɗanda ake juyawa ko a zuge su gefe. Na tsaye nace ba na kwance ba, domin ranar da ke shigowa a kwance rumfa bata tare ta. Sirrin duka shine a tare rana a waje tun kafin ta taɓa gilashi, in ta riga ta shigo labule ba abinda zai yi sai dai ya ɗauki zafin ya sake shi cikin ɗaki.

Na biyu, ka je filin ka duba da kyau ko kallon naka yamma sak yake ko ya ɗan karkata arewa. Daga yawancin tuddan Guzape tsakiyar gari ta wajen arewa maso yamma take, in haka ne to an taimake ka, sai a karkatar da babbar tagar falo ta fuskanci can. A Maris da farkon Afrilu, lokacin da zafin Abuja ya fi tsanani, rana kusan yamma sak take faɗuwa, don haka taga mai kallon arewa-arewa gefenta kawai zata shafa. Lokacin da rana ke komawa arewa, wato daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta a Abuja, damina ta shigo gajimare na rage mata kaifi. Mutane da yawa sun ɗauka bangon arewa baya ganin rana sam, wannan ilimin Turai ne, mu muna digiri 9 ne kacal a saman layin da ya raba duniya, rana tana bi ta kanmu ta tsallaka. Sai dai tana sama sosai, rumfar da bata kai mita ɗaya ba ta isa ta rufe gilashi mai tsayin mita 3 da tsakar rana a watan Yuni. Ta kudu kuwa a Disamba rana tana sauka zuwa wajen digiri 58, nan sai rumfa ta kusa mita 2. Shi yasa in ina da zaɓi doguwar fuskar gida kudu da arewa nake bata, gabas da yamma su samu gajerun.

Kuma Alhaji gaskiya ɗaya da masu tallan gilashi basa faɗa, kallo baya ƙaruwa da yawan gilashi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shanye garin, wani lokacin ko Dutsen Aso baka gani. Da la'asar kuma in ka kalli yamma hasken ne ke kashe maka ido. Kallon nan naka na safiya ne, da bayan faɗuwar rana, da damina in an ɗauke ruwa gari ya wanke. Taga ɗaya babba da aka saita ta daidai inda kake zama, aka yanke rufin maƙwabta da tankunan ruwansu daga cikin hoton, ta fi bango guda da ke nuna maka komai har da shanyar mutane. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ma cewa tayi taga kar ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi mata inuwa. Inda za'a sa babban gilashin a sa mai falle biyu mai shafin da ke mayar da zafi, na ciki ya zama irin mai leda a tsakiya wanda in ya fashe baya zubowa, saboda yara da kuma tsaro. Yana da tsada, amma da yake ba ko'ina zaka sa ba kuɗin zai zo daidai.

Yanzu maganar Hajiya, kuma ina roƙonka ka ɗauke ta da muhimmanci domin ita ce zata yini a gidan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kan tudu duk wanda yake gani to ana ganinsa. Katanga kuma bata maganin wanda ke samanka. Mu ƙaddara filin maƙwabcin ya fi naka tudu da mita 4, ya hau benensa ya tsaya a taga, idonsa yana wajen mita 9 sama da ƙasarka, tsakaninsa da katangarka mita 10. Ko ka kai katangar mita 3, abinda zata ɓoye bai wuce taku uku daga gindinta ba, daga nan duk wanda ya gifta ana ganinsa. Ƙara mata tsayi kuwa sai ta toshe iska ta zama gidan yari, ga hukuma ma ba lallai ta amince ba. Abinda ke rufe tsakar gida shine ginin kansa. In ka jera benen a gefen gabas ya juya wa maƙwabcin baya, tsayinsa wajen mita 7, to idon mutumin sai dai ya bi ta saman rufinka ya wuce, bazai sauko ƙasa ba sai bayan mita hamsin, ya riga ya fita daga filinka. Wannan a zanen da ake kallo daga sama baya fitowa, sai an yanka filin a takarda daga gidan maƙwabci har titin ƙasa an ja layin ido. Duk mai zanen da bai nuna maka wannan yankan ba kace ya koma ya kawo.

Kuma kaga ikon Allah, gabas ɗin dama can ita ce kusurwar da ya kamata a rufe. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin farkon damina mai iska da ke tsuga ruwa a kwance daga gabas yake tasowa, tsofaffin magina sun san bangon gabas ne ke fara zaizayewa shi yasa suke ƙara masa yaɓe. To a can za'a tara matakala da sito da banɗakuna da ɗakin wanki, tagoginsu ƙanana a sama da kai. Tunda an zo banɗaki, alƙibla daga Abuja gabas ce da ta karkata arewa da wajen digiri 25, a gaya wa mai zane tun farko ya saita mazaunin bayi kar ya fuskance ta ko ya bata baya, gyaran wannan bayan an binne fayif ɓarna ce.

Siffar da zan baka shawara kenan, gida mai hannu biyu kamar kofaton doki, bayansa a gabas, hannu ɗaya a arewa ɗaya a kudu, bakinsa a buɗe ta inda ƙasa ta gangara. Tsakiya ita ce tsakar gida, da bishiya da ciyawa da wurin ninƙayar. Ba sabon abu na ƙirƙiro ba, tsarin gidan kakanninmu ne, zaure sannan ƙofar gida sannan shigifa sannan cikin gida, kowace ƙofa an kauce da ita daga saitin ta gabanta yadda wanda ke zaure bazai taɓa hango tsakar gida ba ko da duk a buɗe suke. Ka shiga Gidan Makama a Kano ko tsofaffin gidajen Birni a Damagaram ka gani da idonka. Mariam Issoufou ƴar Nijar, wadda ta yi aikin masallaci da ɗakin karatu na Dandaji, a gidajen da suka gina a Yamai da bulon ƙasa wannan tunanin ta bi ta ɗora shi a bene. Abinda ke bani takaici shine mun yar da wannan mun ɗauko gida dunƙulalle a tsakiyar fili an zagaye shi da intalok, babu inda mace zata zauna ta sha iska ba mayafi.

A naka gidan falon baƙi shine zaure. Ya kasance kusa da get, da ƙofarsa da banɗakinsa da wurin alwala, kuma a bashi nasa rabon kallon ta hannun arewa domin na san kana so abokai su gani, ba laifi bane. Amma tagarsa kar ta leƙa tsakar gida ko kaɗan. Baƙin Hajiya su samu hanyarsu da bata ratsa ta gaban maza ba. Irin falon nan mai tsayin hawa biyu a haɗe da matakala a tsakiya yana da kyau a hoto, sai dai murya tana hawa tana sauka, ana hira a sama baƙo na ji a ƙasa, in kana sonsa a bar shi a ɓangaren iyali kaɗai. A yi kicin na waje kusa da na ciki saboda suya da daddawa da girkin taro, a ware inda za'a yanka ragon layya da magudanarsa.

Sai waɗanda ke ƙasanku, su kuma sama suke kallo. Kar a sa wa baranda shingen gilashi, daga titi ana ganin mutum tun daga ƙafa. A yi ginannen bango mai kamar mita ɗaya da kwamin shuka mai faɗi a bakinsa, shukar tana hana mutum matsawa baki, na ƙasa kuma silin kawai zai gani, ku kuwa kuna zaune kuna hango nesa ba abinda ya tare ku. Sannan dan Allah kar wani ya ruɗe ka da gilashi mai madubi wai na waje baya ganin na ciki. Da rana ne kawai. Da zarar an kunna fitila da daddare abin juyawa yake, ku kuna ganin kanku a madubi na waje yana ganinku tar. Na taɓa tsayar da wani maigida a bakin get ɗinsa bayan isha nace ya ɗaga kai, yana kallon ƴarsa tana ninke kaya a ɗaki, har kalar zanen gadon ana gani, bai ce komai ba ya shige ciki, washegari aka kira mai labule. Akwai kuma idon da ake mantawa da shi, yaron da zai hau wanke faifan sola duk sati a hunturu, mai gyaran tanki, ɗakin maigadi, kyamarorin tsaro da wanda ke kallonsu. Tsanin hawa rufi ya kasance ta waje ta gefen ma'aikata, a ɗaga bangon rufin ta gefen tsakar gida, tankin ma kar a kafa shi inda wanda ya hau zai leƙo.

Rufi kuwa shi ne babbar ƙofar zafi a ɗakunan sama, ya fi bango nesa ba kusa ba. Baƙin kwanon nan da ake yayi yana shan rana yini guda ya sauke ta kan silin. In dekin za'a yi a shimfiɗa abin tare zafi a kansa, sannan a ɗora rufi na biyu mai haske da tazara a tsakani iska na ratsawa, faifan solar ma in an ɗaga su kan ƙarfe inuwa ne. Francis Kéré na Burkina Faso da ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022 da wannan dabarar ta rufi biyu ya yi suna, makarantun ƙauye yake sanyayawa da ita ba esi. Ɓoyayyen rufi da ake so yanzu saboda gida ya fito murabba'i ba laifi, amma ruwan Abuja a Agusta da Satumba ba wasa bane, kwatar kankare ta zama mai faɗi, mafita fiye da ɗaya, da wata ta ko-ta-kwana in ganye ya toshe. Kakanninmu da suka zuro indararo waje sun san abinda suke yi.

Abuja ba Kano bace, nan akwai laima rabin shekara, saboda haka kaurin bango kaɗai baya isa sai iska ta ratsa. Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, bakin gidanka kuma kusan can yake kallo, to kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu, saman matakala a bar mafitar iska mai zafi da raga saboda sauro, wadda za'a iya rufewa in hunturu ya shigo. Bangon yamma da ya rage a yi shi biyu da tazara a tsaka, ko a sa bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. A rage intalok, shi da dutsen wurin zafi suke sha su riƙa amayar da shi har tsakar dare. Bishiya mai inuwa ta kudu maso yamma, amma nesa da tushen gini da wurin ninƙaya, kuma wadda in ta girma bazata rufe maka kallon ba.

Shi gangaren kar ka bari a ce za'a fasa dutse a baje shi ya zama fili ɗaya, kuɗi ne masu yawa kuma kana zubar da abinda ya sa filin ya yi daraja. Gidan ya bi tudun hawa-hawa, motoci da ɗakunan ma'aikata a matakin titi, iyali a nasu. A yi gwajin ƙasa kafin komai, injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, ya zana bangon da zai riƙe ƙasa da ramukan fitar ruwa a jikinsa, wurin ninƙaya kuma ya zauna kan ƙasa ta asali ba ciko ba, ruwa nauyi gare shi, kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi tan guda ce. Tun motsin ƙasar da aka ji a Mpape da Maitama a Satumban 2018 na daina yarda a yi wasa da wannan.

Abu na ƙarshe da nake so ka bincika tun kafin a ja layi ɗaya, filin da ke ƙasanka na waye kuma hawa nawa aka yarda a yi a wurin. Mai zanenka, wanda ya kamata ya zama mai rajistar ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, ya je sashen kula da gine-gine na Abuja ya tambayo, domin in gobe aka tada bene mai hawa uku a gabanka to daga wane mataki kallonka zai tsira, a nan za'a ajiye falon iyali. Sannan ku je filin kai da Hajiya da mai zanen, sau ɗaya da ƙarfe huɗu na yamma sau ɗaya bayan isha. Ku tafi da tsani da doguwar gora, a ɗaura jan ƙyalle a mita 4 da mita 7, a kafa ta inda ake tunanin tsakar gida, wani ya zagaya titin sama da na ƙasa ya ɗauko hoton inda ƙyallen ke fitowa. Ka hau tsanin ka nuna da hannunka daidai abinda kake son gani in ka tashi da safe, ita ma ta nuna inda take son zama da yamma. In kun yi wannan ka turo min hotunan da takardar safiyo mai nuna tudu da gangare, sai mu ga ta inda get zai shiga.